Ranar da Na Sha Kofin Mamaci

Ranar Alhamis ce, tara ga watan Mayu, 1985. Da safe likita ya buɗe mini idon hagu da aka yi wa aiki, ya ɗiga magani, ya sake rufe shi da bandeji. Na dama ma ya ɗiga masa wani abu, ya ce zan yi ta gani dishi-dishi har yamma. Ya tsare mu awa biyu fiye da yadda ya ce.

'Yata Kaneng ce ta kawo ni Amurka don aikin idon. Ɗakinta yana College Park, wurin aikinta yana Germantown, tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Tana kula da wani tsoho ɗan Rasha mai suna Alexander, wanda ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Matar ɗansa ce ta ɗauke ta aikin, Ba'amurkiya, sunanta Olive. Ɗan yana yawan tafiye-tafiye, gidan a hannun matar yake.

Takardar zaman Kaneng ta ɗalibai ce, za ta ƙare a watan Agusta. Lauya ya shirya mata sabuwa ta dalilin wannan aiki, saura sa hannun Olive. In ba ta sa ba, Kaneng za ta tattara ta koma Jos, karatun jinya na shekara biyar ya tsaya saura jarrabawa ɗaya.

Olive ta kafa mata doka biyu. Ba a shigo da baƙo gidan. Ba a shigo da barasa, don tsohon yana shan maganin zuciya.

Mun fito asibiti sha ɗaya ta wuce. Kaneng ta ce babu lokacin mayar da ni College Park, tsohon yana shi kaɗai tun tara. Muka nufi Germantown. Da muka tsaya a ƙofar gidan ta ce in yi haƙuri in zauna a mota, za ta buɗe mini gilasai, za ta riƙa leƙo ni har shida. Na ce mata ni ba buhun acca ba ne. Ta dubi titi, ta dubi agogo, ta ce in jira. Ta shiga ita kaɗai, ta yi minti biyar, ta fito ta kama hannuna ta shigar da ni ta ƙofar kicin. Ta zaunar da ni a kujera gaban tebur, ta ce kada in yi motsi, kada in yi tari, za ta je ta sa wa tsohon kaya.

Tun asuba ban sa komai a bakina ba, likita ya hana. Maƙogwarona ya bushe.

A gabana kan tebur akwai ƙaramin kofin gilashi cike da ruwa fari, an rufe bakinsa da wani abu baƙi mai faɗi. A gidana ba a ajiye wa baƙo ruwa a buɗe. Ana rufe shi da faifai, a ajiye a gabansa, ba sai an ce masa ya sha ba. Haka uwar Kaneng ta yi har ta rasu, haka ta koya wa 'ya'yanta. Na taɓa abin da ke kan kofin na ji burodi ne. Na ce a raina, ƙasar da ba faifai, yarinya ta yi dabara. Har na ji daɗi ba ta manta tarbiyya ba.

Na ɗauke burodin, na ɗaga kofin na juye shi duka a baki.

Ba ruwa ba ne. Wuta ce. Na san ta nan take, ko da yake rabona da ita shekara talatin da uku, tun ranar da aka yi mini baftisma. Ba na tofar da abu a teburin mutane. Na haɗiye. Hawaye ya cika idon da ke buɗe, ƙirjina ya ɗauki zafi, na kai burodin baki don in kashe wutar. Mai nauyi ne, mai tsami. Na cinye shi.

Ina share baki na ji ƙarar taya a kan katako, da wata ƙara kuma, ta ƙarfe yana taɓa ƙarfe. Na san wannan ƙarar. Lambobin yaƙi ne a ƙirjin mutum. Na miƙe tsaye.

Kaneng ta turo Alexander cikin kekensa na guragu. Babban mutum ne, kansa fari, kafaɗunsa sun cika keken. Ya sa kwat baƙa, gabanta duka lambobi. Bai dube ni ba. Kofin ya duba. Ya daɗe yana dubansa.

"Baba," in ji Kaneng. Muryarta ta yi ƙasa har da ƙyar na ji. "Me ka yi?"

Na ce na sha ruwan da ta ajiye mini.

Ta yi mini bayani da Hausa, da sauri, kalma tana hawa kalma. Ba don ni ta ajiye ba. Kofin ba na masu rai ba ne. Yau shekara arba'in da gama yaƙin Rasha da Jamus, kuma al'adarsu ce a wannan rana a zuba wa wanda ya mutu a yaƙi barasa, a rufe da baƙin burodi, a ajiye gaban hotonsa, ba mai taɓawa. Na ƙanen tsohon ne. Hoton yana nan a jingine bayan kofin, ni ban gan shi ba, na ɗauka madubi ne. Ita ta sayo kwalbar a ɓoye, don tsohon ya yi mako uku yana roƙonta, ya rantse ba zai kai baki ba. Shirinsu a kwashe komai kafin Olive ta dawo da shida.

Alexander ya yi magana da yarensu, a hankali, ba da mu yake ba. Sannan ya tura kekensa da kansa zuwa bango inda tarho yake rataye. Kaneng ta bi shi tana kiran sunansa, tana roƙo. Ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Ya buga lamba. Turancina na bariki ne, nasa ma bai fi nawa ba, don haka na ji duka. Ya ce akwai baƙo a gidan, yarinyar ta kawo shi, ta zo yanzu. Ya ajiye.

Kaneng ta ce daga ofishin Olive zuwa nan rabin awa ne.

Ta kama hannun rigata. Ta ce in tashi ta kai ni mota, ta wanke kofin, ta ɓoye kwalbar, ta roƙi tsohon ya ce ya ruɗe ne. Na ce mutumin ya riga ya faɗa, ƙarya a kan wannan za ta ƙara mata laifi. Kuma in na tafi, kicin yana warin barasa, wa za a ce ya sha?

"Baba, nan ba Jos ba ne. Ba wanda zai zauna ya saurare ka."

Na ce ta sake ni.

Abu ɗaya na sani da ake yi idan soja ya yi laifi. Ana cire masa hula da bel, a tsayar da shi gaban na sama da shi, a faɗi laifin, ya karɓi hukunci. Na yi wa mutane da yawa haka. Ni ba a taɓa yi mini ba. Na cire hulata na ajiye a tebur. Na kwance bel na ajiye kusa da ita. Na je gaban keken, na haɗa dugadugai, na buga ƙafa. Gwiwata ta yi ƙara. Na faɗi lambata da sunana, Saje Chuwang Dung. Na ce wa Kaneng ta juya masa abin da zan faɗa zuwa Turanci daidai, kada ta ƙara, kada ta rage.

"Laifin nawa ne. Yarinyar ba ta nan, ba ta gani ba. Ni na ƙi zama a waje, ni na sha, ni na ci. A hukunta ni."

Ta juya masa. A karo na farko ya ɗago ya dube ni, daga takalmi har bandeji. Ya tambaya ko soja ne ni. Na ce e. Ya ce ina. Na ce ƙasar Bama, da Japan muka yi, ƙarƙashin Ingila.

Ya yi dariya ta hanci, ya faɗi magana mai tsawo. Wannan ban kama ba. Kaneng ta ƙi juya mini. Na ce ta faɗa.

"Ba komai ba ne, Baba."

"Na ce kada ki rage."

Ta sunkuyar da kai. "Ya ce wannan ba yaƙi ba ne. Ya ce dako kuka yi wa Turawa a daji, kuna kashe sauro. Ya ce ɗan dako ya shanye kofin soja."

A bakin kogin Kaladan, can Bama, na binne mutum goma sha ɗaya daga cikin yarana. Na san sunan kowane da garinsu. Wani hafsa Bature ya taɓa faɗin abin da bai kai wannan ba, na yi kwana bakwai a kulle a gadirum na bariki saboda amsar da na ba shi, ban yi nadama ba. Amsa ta cika mini baki. Na juya wajen Kaneng don ta shirya juyawa. Ba ni take kallo ba. Agogon bango take kallo, leɓenta yana motsi, tana ƙirga mintoci.

Na ce, "Na ji, Yallaɓai."

Ya jira ƙari. Ban ƙara ba. Ina jin haka ya fi ba shi haushi. Ya buga tebur da tafin hannu, ya ce tunda na sha, sai na san abin da na sha. Ya ce in matso. Bai ce in zauna ba, ban zauna ba.

Ya jawo cokula da wuƙaƙe daga inda aka jera su. Ya san inda yake ajiye kowane. Ya ce nan Jamus ce, nan ƙasarsu. Ya tura cokulan da gefen hannu, suka share rabin tebur. Haka Jamusawa suka shigo a 1941, in ji shi, cikin 'yan watanni suka cinye ƙasar da ta fi tasu girma. Ya ɗauki kwalbar gishiri ya ajiye a can bakin tebur, har ta kusa faɗuwa. Ya ce wannan kogin Volga ne, nan suka kai shekara ta biyu, bayansa ba sauran wurin gudu. A nan aka tsaya. Sanyi ya zo, aka zagaye rundunar Jamus guda aka rufe ta, ba ta fita ba. Daga nan aka fara tura su baya.

Ya riƙa mayar da cokulan ɗaya ɗaya, a hankali. Ya ce ba kamar yadda suka shigo suka fita ba. Ƙauye ɗaya, sati ɗaya. Duk garin da suka ƙwato sun tarar da shi toka, sai bututun hayaƙi a tsaye, rijiyoyi ba sa shayuwa. Da ƙafa suka yi tafiyar, shi da ƙanensa a ƙungiya ɗaya. Sunan yaron Girisha, shekararsa sha tara, shi ke riƙe da babbar bindiga mai sarrafa kanta.

Kaneng tana juya mini maganarsa tana sauraron titi. Duk motar da ta wuce sai ta yanke magana.

Ya miƙa hannu ya ɗauki bel ɗina, ya shimfiɗa shi a tsakiyar tebur. Ya ce wannan kogin Dinefar ne, 1943, bayan damina. Faɗinsa ya kai in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka gane mutum a waccan. Gaɓar can tudu ce, Jamusawa suna kai da igwa. Sun fasa gadoji, sun ƙone jirage. Bayan tudun garinsu ne, inda suka bar uwarsu. Ba su san an riga an kashe ta ba. Umarni ya zo a ƙetare da duk abin da aka samu, kada a jira. Mutane suka ciro ƙofofin gidaje, ganguna, shinge, gungumen itace, suka haɗa gadajen fito. Da asuba cikin hazo suka shiga ruwa.

Ya ɗora yatsa a tsakiyar bel ɗin. Ya ce a nan Girisha ya nutse, shi da mutum biyar da bindigar. Sauran suka ƙetare, suka kama tudun, suka ci gaba har Berlin. Ya ce wannan na sha. Ya jingina da baya.

Da na yi shiru a nan, da ya fi wa Kaneng sauƙi. Amma akwai abin da bai zauna mini ba a labarin. Duk sojan da ya ba da labarin mutuwar nasa yana faɗin abin da ya kashe shi. Shi ya tsallake.

Na tambaya ko igwa ce ta same su. Kaneng ta juya. Ya ce a'a.

Na ce, to da me aka ɗaure gadon?

"Baba, don Allah," in ji Kaneng. "Wannan ba zan juya ba. Saura minti goma."

Na tambaye shi da kaina, da Turancin da nake da shi. Ya gane. Fuskarsa ta canza. Ya ce da wayar tarho ta sojoji, ba su da igiya.

Na ce wa ya ɗaure.

Firji yana ta gurnani. Can ya ɗaga hannu ya bugi ƙirjinsa sau ɗaya, lambobin suka yi ƙara. Ya ce shi ne saje. Shi ya ɗaure, da hannunsa. A tsakiyar ruwa gungumen suka watse, ba harsashi ko ɗaya. Yana kallo daga nasa gadon, tazarar ba ta fi daga nan zuwa ƙofa ba. Ya ce bai ja wayar da ƙarfi ba. Sauri yake yi, hannunsa ya daskare.

Na ce wa Kaneng yanzu dole ta juya, don Turancina ba zai kai ba. Ta dube ni kamar za ta yi kuka. Ta juya.

Na ce masa a Kaladan mun yi wannan. Jirgin sama bai jefo mana igiya ba, muka ɗaure gora da wayar sigina. Gadaje uku suka watse da safiya ɗaya. Mutum uku daban suka ɗaure su, ɗayansu Bajukune ne daga Ibi, wanda aka haifa a cikin kwalekwale, ubansa ma haka. Igiya tana shan ruwa, ta kumbura, ta ciji itace. Waya ba ta sha. Itace ya jiƙe ya yi santsi, nauyi ya danna gefe ɗaya, gungume ya murɗa a ƙarƙashinta ya zare kansa. Ƙullin yana nan yadda aka ƙulla shi. Ko ka ja har hannunka ya yi jini, haka za ta yi.

Na tambaye shi ko ya ga wayar daga baya.

Ya ce ruwa ya kawo ta gaɓa da rana, zobe zobe, ƙullin duka suna nan.

Na ce to.

Ya ce amma nasa gadon ya ƙetare. Na tambaya da me aka yi nasa. Ya ce ƙofar rumbu ce, mai ƙusa, da ganguna biyu. Na ce ƙusa ta ƙetare da shi, ba ƙulli ba. Sannan ya ce shi ya zaɓa wa yaron na gungumen, don ya ga ya fi ƙarfi, ya ɗauki ruɓaɓɓiyar ƙofar wa kansa.



Ya tsura mini ido. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, da Turanci, a hankali don in ji da kunnena, "Ƙarya kake yi saboda 'yarka."

Na ce da Hausa, "Saboda 'yata na haɗiye zaginka. Wannan ba saboda ita ba ne."

Kaneng ba ta juya ba. Ban sani ba ko ya gane. Ƙofar mota ta buga a waje.

Olive ƙaramar mace ce, mai saurin tafiya. Ta shigo da jaka a kafaɗa, ba ta ajiye ba. Ta dube ni, baƙin tsoho mai bandeji a ido, ba hula, yana riƙe da wando da hannu ɗaya. Ta dubi teburin, cokula a warwatse, bel a tsakiya. Ta ga kofin. Ta ɗauka ta shinshina. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, wannan ya fi ba ni tsoro.

Ta tambayi Kaneng ni wane ne. Kaneng ta ce mahaifinta. Ta tambaya wa ya kawo barasa gidan. Kaneng ta ce ita. Ta tambaya nawa tsohon ya sha. Kaneng ta ce bai sha ba. Olive ta ɗaga kofin ta nuna mata gindinsa.

"Ajiye makullin gidan a tebur, ki ɗauki jakarki."

Kaneng ta sa hannu a aljihu. Ta ɗauki lokaci tana cire shi daga cikin sauran makullai, farcenta yana zamewa. Ta ajiye.

Na ce ni na sha. Olive ba ta ko juyo ba. Ta ce kowane uba haka zai ce. Ta ce barasa da maganin da yake sha suna iya tsayar masa da zuciya, za ta kira motar asibiti, kuma duk abin da suka tambaye ta za ta faɗa musu. Ta durƙusa gaban keken ta ce ya buɗe baki ta ji. Alexander ya datse leɓe, ya kawar da kai wajen taga. Ta ce ya buɗe. Ya ƙi. Na san ba don ya cuci Kaneng ba ne. Mutum ne da lambobi a ƙirji, matar ɗansa tana shinshina shi kamar jariri. Ni ma da na ƙi.

Ta miƙe ta nufi tarho.

Shekarata sittin da bakwai. Dattijon ikilisiya ne ni, na sha tsayar da mutane daga cin jibin Ubangiji a coci saboda burkutu. A wurinmu namiji ba ya kai fuskarsa kusa da ta matar wani, ko hannu ba ya miƙa mata sai ta miƙo. Na sha gabanta. Na sunkuya har hancina ya kusa taɓa nata, na buɗe baki na hura mata numfashi, dogo, a gaban 'yata.

Ta ja da baya ta kama gefen firji. Ta rufe hanci da bayan hannu.

Na koma na tsaya yadda nake, dugadugai a haɗe. Ban dubi Kaneng ba.

Alexander ya juyo daga taga. Ya ce wa Olive ta zo. Ya buɗe baki ya hura sau ɗaya, gajere, ya rufe. Ya ce kwalbar shi ya sa a sayo, mako uku yana damun yarinyar har ta gaji. Kowace shekara yana yin haka, da yana da ƙafa ba ya roƙon kowa. Olive ta ce shekara shida suna gida ɗaya bai taɓa gaya mata ba. Ya ce shekara shida hoton yana ɗakinsa ba ta taɓa tambayar wane ne ba.

Ta ce, "Kai ka kira ni. Ka ce akwai baƙo."

"Na yi kuskure. Saje ne. Koma aikinki."

Ba ta koma ba. Ta tambayi inda kwalbar take. Kaneng ta fito da ita daga bayan tukwane. Olive ta kwance murfin ta juye ta duka a wurin wanke-wanke, ta sake ruwa a kai. Na ga hannun Kaneng ya motsa kamar za ta roƙi a bar kaɗan. Alexander ya ce mata ta bari a zubar, bana an riga an sha wa Girisha.

Olive ta rufe famfo. Ta tsaya ta ba mu baya, ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta ce wa Kaneng doka biyu ta ba ta, ta karya biyun a rana ɗaya. Ta ce wannan mutum, ta nuna ni da haɓa, kada ya sake taka gidan. Ta ce ta kai ni gida yanzu, ita za ta zauna da tsohon har yamma. Ta sa yatsa ɗaya a kan makullin ta tura shi gefen Kaneng.

"Gobe ƙarfe bakwai."

Kaneng ta ɗauka ta yi godiya, ta fara ja na waje. Na tsaya. Na ce takardar fa.

"Baba," in ji Kaneng ta cikin haƙora.

Olive ta dube ni da kyau a karo na farko. Ta ce ba ta yanke shawara ba, za ta yi magana da mijinta. Alexander ya ce ba sai an jira ɗansa ba. In yarinyar ta tafi, shi ba zai bari wani hannu ya ɗaga shi daga gado ba, sai dai su kai shi gidan tsofaffi su huta. Olive ta rufe ido. Ta ce Litinin. Ta ce in aka sake ko ɗaya, za ta kira lauyan da kanta ta janye.

Na ɗauki hulata da bel. Na tsaya gaban keken na sara masa. Bai mayar ba. Yana tattara cokulan yana jera su. Ya ɗan ɗaga yatsu biyu daga kan tebur, shi ke nan.

A mota Kaneng ta kasa sa makulli a raminsa. Makullin yana ta bugun ƙarfe. Ta gwada sau uku ta bari, ta ɗora goshi a kan sitiyari. Muka zauna. Rana tana dukan gilashi. Ban ba ta haƙuri ba, ban san yadda ake fara shi da 'ya ba.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, zancen wayar nan gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

"Ba ka taɓa ba mu labarin ba."

Na ce cikin gadajen uku, ni na ɗaure na biyu.

Ta ɗago ta dube ni. Na ce ta ta da mota, cikina ba daidai yake ba.

Ranar Litinin Olive ta sa hannu. Ban sake ganin Alexander ba.